Kuben Roba da Shirun Dole

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Kawunki ya samu sauƙi har ya koma shago.

Na san yayanki ya riga ni kai miki labari, kuma na san ya ƙara gishiri, saboda haka ga maganar yadda take. Maganin hawan jinin da nake sha ya busar mini da yawu, haƙoran da na tsare tun ƙuruciya suka fara ruɓewa daga gindi. Turame biyu sun tafi. Yayanki ya ce idan sauran suka bi su, zai aiko mota a kwashe ni zuwa gidansa, a riƙa dama mini abinci kamar 'yar yaye. Na tuna masa cewa a hannuna ya koyi tauna, kuma a ɗakina nake so ajali ya same ni.

Likitan haƙori ya ce yawu ne yake wanke baki, idan ya ƙafe ruɓa ta samu ƙofa. Ya cika mini baki da wani abu mai danƙo ya ɗauki siffar haƙorana, ya yi mini kube na roba, sama da ƙasa. Kullum sai a zuba magani mai kauri a ciki, in kifa a kan haƙoran, in zauna tsit har ya ratsa su. Ya ce kuben ba zai dawo da abin da ya tafi ba, amma zai tsare abin da ya rage, muddin ban yi fashi ba.

A nan gizo yake saƙa. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mini yatsu. Hannun da ya ƙarar da ƙuruciyarsa riƙe da alli ya kasa matse robar magani. Na danna ta da cokali, ta zille. Na matse ta a ƙyauren ɗaki, ta fesa bango. Na zauna ina kallon bangon nan, na gaji, Auta, gajiyar da barci ba ya cirewa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, matar tela, wadda na shekara da shekaru ina gyara mata magana har ta laƙaba mini Hedimasta. Yanzu kowace la'asar sai ta shigo, ta matse maganin, ta kifa mini kuben, sannan ta baje a kujerar marigayi babanku. Ta san bakina a rufe yake, sai ta kwance buhun hira: mafarkanta, rigimar surukanta, da tarihin duniya a birkice. Ba ni da abin gyara sai harara. Jiya ta ce in roƙi likita ya ƙara lokacin, wai tun da take ba ta taɓa jin daɗin hira da ni irin haka ba. Ina zargin ma tana juya agogon bango idan na lumshe ido.

Na koma wurin likita, ya duba, ya ce babu sabon rami ko ɗaya. Saboda haka ki gaya wa yayanki ya bar motarsa ta huta. Amma kada ki gaya masa wanda yake matse maganin. Wannan tsakanina da ke ne. Idan sai na yi wa matar tela shiru zan zauna a ɗakina, to na ɗauka. Mutum ya hana ajin yara surutu tsawon rayuwarsa, ga shi yau an ce da shi ya kama bakinsa.

Ki gaishe da maigidanki, da jikokina, Sarkin Kuka da takwarata. Ki ce mata ta goge baki tun yatsunta suna bin umarninta.

Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki.