"Ba Komai" Ɗin Malam Ɗanjuma da Albasarmu

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman rani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya. Sannu da fama da jama'a.

Ni ne Haruna na ɓangaren Fulatan, mai lambun can ƙarshen layi inda tiyo yake ƙarewa, wanda muke nomawa ni da ƙanena Isiyaku. Na rubuto a fili ne don a karanta wa 'yan ɓangaren Yola da namu na Fulatan baki ɗaya, saboda duk zuwan da na yi zaurenka da "a ƙara haƙuri" nake dawowa. Haƙurin ina yi. Amma albasar da muka dasa, lawashinta ya fara bushewa daga baki, kuma in makon nan ya fita ba ruwa, noman bana ya tafi. Wasu abubuwa ne suka ɗaure mini kai, nake so ka warware mini su.

Na farko. Ka tuna zaman da aka yi a gindin mangwaro, da ka yanke cewa daga yanzu na nesa za a fara ba ruwa, na kusa da inji su biyo baya. Malam Ɗanjuma, mai riƙe da makullin injin ban ruwa, shi ne ya fi kowa kusa, kuma tun kafa ƙungiya shi yake fara sha. Ka juya ka tambaye shi ko yana da magana. Ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe." Ka ce madalla, aka shafa Fatiha.

To, kai da ka yi furfura kana sasanta mutane, ai ka san "ba komai" iri-iri ne. Akwai na wanda ka taka wa ƙafa a sahu, ya faɗa ya manta kafin a yi ruku'u. Akwai kuma wanda ake faɗa ido na kallon ƙasa, hannu na gyara hular da ba ta karkace ba. Duk wanda yake wurin ya ga irin wanda Malam Ɗanjuma ya yi, har na kusa da ni ya taɓa ni da gwiwar hannu. Abin da nake son sani, shin kai ba ka ji ba ne, ko ka ji ka ga ya fi sauƙi ka ɗauke shi a yadda ya fito?

Na biyu. Tun ranar, in layi ya zo kanmu sai wani abu ya gifta. Yau bel ɗin inji ya saki. Gobe ya tafi ta'aziyya Rogo Ruma, makulli na aljihunsa. Jibi "yanzu-yanzu in sha Allahu", har rana ta faɗi. Abin mamaki, bel ɗin nan ba ya saki sai ranarmu. Kuma wallahi ba wanda ya kai shi gaishe ni. In mun haɗu sai ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi tsohuwarmu da ciwon ƙafarta, a ƙarshe ya ce, "Ya albasa? Allah dai ya sa albarka." Ni kuwa me zan kawo maka ƙara a kai? In ce ya gaishe ni da yawa?

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Isiyaku ba shi da irin jimirina. Ya sami Malam Ɗanjuma a bakin inji, ya ɗaga murya, ya yi shuri da bokiti, ya kira shi da sunan da bai kamata yaro ya kira babba ba. Ban goyi bayansa ba, a gida ma na yi masa tatas. Kafin la'asar labari ya iso gare ka, kafin magariba ka cire lambunmu daga layi har sai ya ba da haƙuri. Ban taɓa ganin ƙungiyarmu ta yi sauri irin na ranar ba. Ya je ya durƙusa a gaban dattawa. Malam Ɗanjuma ya dafa kansa ya ce, "Haba, ba komai." Da na ji haka na san irin na gindin mangwaro ne, kuma ga shi ka mayar da mu layi, amma har yau tiyonmu a bushe yake.

Ranka ya daɗe, da wane ma'auni kake awo? Mai ihu ya ɓata wa mutum ɗaya rai na yini guda, ka hukunta shi nan take. Mai murmushi yana neman kashe mana noman shekara, ko kira ba ka yi masa ba. Ko dai laifi a wurin shugabanni sai wanda kunne ya ji? Da gaske nake tambaya, don na ga irin haka a kasuwa, na gani a kwamitin masallaci, ban taɓa samun mai yi mini bayani ba.

Na huɗu. Shi kansa Malam Ɗanjuma, an taɓa zama da shi? Shekara da shekaru yana wanke injin nan, yana kwance shi yana ɗaurawa, ba a taɓa ce masa sannu a taro ba. Rana ɗaya aka mayar da shi ƙarshe a gaban 'ya'yan cikinsa, aka tambaye shi ra'ayi a inda kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Ina jin yana da komai, kuma mai yawa. Sai dai maganar tsakaninsa da kai ce, mu kuma muke shan hukuncinta.

Roƙona kaɗan ne. Ka kira shi ku biyu kawai, ba a gindin mangwaro ba, ka tambaye shi har sai ya faɗa. A yi wa inji makulli na biyu a ba wani dattijo. Sannan ka tako da ƙafarka kafin Juma'a, a tayar da inji kana tsaye.

Jiya ni da Isiyaku muka wuni muna jido da bokiti daga rafi har kafaɗa ta ƙage, ɗan gefen da ke bakin hanya kawai muka iya jiƙawa. Da muka zauna hutawa ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe in mutum zai yi mugunta a ƙungiyar nan, sallama kawai zai fara yi?" Yaro ne, yana kallon manya yana koyo, kuma ina tsoron darasin da ya fara ɗauka. Amsar tana wurinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci ga mai ihu da mai shiru, ya sa ka gama da jama'a lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Haruna, Fulatan