Mijina Ya Kwance Karena Ranar Da Wuta Ta Taso

Anti Merle,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan zo ina da-na-sani. Kusan mako guda ke nan ba na yi wa mijina magana sai ta dole, irin su "abincinka na kan tebur". Shekara talatin da ɗoriya muna tare, ban taɓa jin haushinsa irin na wannan karon ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai, shi har yanzu bai ga laifin da ya yi ba.

Muna kiwon tumaki a can ƙarshen kwarin Tarrabil, inda kwalta ta ƙare. Kin san wurin, hanya ɗaya ce tal, bishiyoyin turare dama da hagu, in wuta ta tare ta shi ke nan. Mu uku ne a gidan: ni, da mijina Des, da mahaifiyarsa Mama Nola, wadda ta kusa casa'in, tana fama da asma, ba ta tafiya sai da sanda. Na huɗunmu Jarrah ne, jan karen kiwo da ya yi wa Des aiki har ranar da saniyar maƙwabta ta harbe shi a ƙugu. Des ya ce ya gama amfani. Ni na shimfiɗa masa tsohon bargo a kicin, na yi jinyarsa har ya miƙe, tun daga nan ya zama nawa. Yaranmu sun koma birni, Des kullum yana wurin tumaki, Mama rabin yini barci take yi. Wanda nake yi wa hira in ina shanya wanki Jarrah ne, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Des yana cikin 'yan kwana-kwana na sa kai, don haka tsarinmu na ranar wuta ya daɗe a tsaye. Jiniya na kaɗawa shi zai tafi wurin motar kashe gobara, ni kuma in ɗauki Mama a ƙaramar mota mu sauka gari, filin baje kolin dabbobi inda ake tara mutane. A da Jarrah bayan a-kori-kurar Des yake ɗarewa su tafi tare, yanzu ƙugun ba ya barinsa tsalle. Shi ya sa bana na ce dole a sa shi cikin tsarina. Na tambaya a gari, aka ce suna karɓar kare in yana da igiya. Na sayi igiya mai ƙugiya, na haɗa masa jakarsa, abinci da kwanon ruwa da maganin ƙugunsa, na ajiye kusa da jakar Mama. Na zayyana wa Des komai muna cin abinci. Ya ce "to" idonsa na kan wasan kurket a talabijin. Da ma na san wannan "to" ɗin nasa, ni ce dai ban ɗauki darasi ba.

Ranar Alhamis tun da safe iskar arewa ta taso da zafi, rediyo na ta cewa yau ce rana mafi haɗari, ga wutar da tsawa ta tayar a bayan tsauni tana ci a hankali. Na ɗaure Jarrah a jikin ginshiƙin baranda, a inuwa, da ruwansa a gabansa, don in lokaci ya yi in ja shi kawai zuwa mota. Kafin tsakar rana jiniya ta kaɗa. Des ya fita da gudu yana zura rigar aikinsa, ni ina ciki ina fama da Mama da ta ce ba inda za ta je sai an nemo mata haƙoranta na roba. Da na fito da ita, igiya na kwance a ƙasa, ƙugiyar a buɗe, babu kare. Ba tsinkewa ta yi ba, Anti. Hannu ne ya buɗe ta.

Na san inda ya tafi, don can yake ɓuya in ana tsawa: ƙarƙashin rumfar askin tumaki. Rumfar nan tsohon katako ce da ya sha man gashin tumaki tun zamanin kakan Des, ashana ɗaya ta ishe ta. Na sa Mama a mota na ruga. Na leƙa, ga idanunsa biyu can ƙurya. Na kira shi, na lallashe shi, na jefa masa gutsuren nama, ko motsi. Kare ne da ya tashi da fiton Des, irin wanda yake sa yatsu biyu a baki ya yi, kuma in ya tsorata ba ya jin komai a duniya sai wannan. Ni ban iya ba. Na sa yatsuna a baki na yi ta hurawa, ba abin da ke fita sai iska da yawu. Na kira wayar Des, ba a ɗauka. Sai na kwanta rub da ciki na kutsa cikin kashin tumaki har kafaɗuna suka maƙale, ina miƙa hannu, ina roƙon kare kamar mahaukaciya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba. Da na ja jiki na fita, sama ta yi ja wur, ƙonannun ganye na faɗowa a tsakar gida, wani abu mai zafi ya faɗo min a baya na kaɗe. Mama tana danna hon da kan sandarta. Na iske ta tana numfashi da ƙyar, abin shaƙarta a hannu, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, in zama za ki yi da karenki ba ni makulli, na iya tuƙi tun kafin a haife ki." Na shiga na tayar da mota. Na bar shi, Anti. Har muka isa kwalta kuka nake yi ina zagin Des da sunansa, uwarsa na zaune a gefena.

Allah ya taimaka da yamma iska ta juya. Wutar ta cinye rumbun ciyawar maƙwabta da shingenmu na baya, ta tsaya a bakin rafi. Washegari da aka bar mu muka koma, Des ya tsaya a tsakar gida ya yi fito sau ɗaya, sai ga Jarrah yana ɗingishi, duk toka a jikinsa, yana kaɗa wutsiya. Des ya juyo yana murmushi ya ce, "Kin gani ko? Kare ya fi mu sanin inda zai ɓuya." Kwanon ruwan karen ne a hannuna, saura kaɗan in kwaɗa masa. Na tambaye shi me ya sa ya kwance shi. Ya ce, "Ba a barin kare a ɗaure ranar wuta. Haka ake yi." Ya juya ya tafi duba shinge.

Haka ake yi! Mama ta ce in yi masa uzuri, wai yana yaro aka yi babbar wuta, shi aka aika ya dubo karnukan ubansa ya same su a jikin sarƙa sun ƙone. Na taɓa jin labarin, na kuma tausaya, amma me ya haɗa abin da ya faru shekara hamsin da suka wuce da igiyar da na ɗaura da hannuna, na kuma faɗa masa dalili? Ban ma gaya masa na shiga ƙarƙashin rumfar ba, bai cancanci in ba shi labari ba. Yana zaton jiniya na kaɗawa muka kama hanya. Rigar da na sa ranar tana nan rataye a bayan ƙofar ɗakin wanki, na kasa wanke ta, da hujin da garwashi ya yi mata a baya.

Abin da na faɗa masa ɗaya ne: in aka sake, zan roƙi maƙwabta su tafi da Mama, ni kuma ba inda za ni sai da Jarrah, ko me zai faru ya faru. Ya ce na yi hauka. Zafi bai ƙare ba, an ce mako mai zuwa iskar arewa za ta dawo. Ki faɗa min gaskiya, ni ce mahaukaciyar ko shi? Kuma ta yaya zan sa magana ta shiga wannan ƙoƙon kan nasa?

Wadda Ba Ta Iya Fito Ba,
Kwarin Tarrabil

*

'Yar'uwa,

Fushinki yana kan hanya. Kin yi tsari, kin faɗa, an ce miki "to", sannan aka warware shi ba tare da an ɗaga murya an ce miki "na kwance kare" ba. Kuma maganarsa cewa kare ya san inda zai ɓuya ba gaskiya ba ce. Jarrah ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina saurin kamawa a gonarku, juyawar iska ce ta cece shi.

Amma kin wuce labarin da surukarki ta ba ki da sauri. Mutumin da ya ce kare ya gama amfani, ya tsaya jiniya na kaɗawa, abokan aikinsa na jiransa, ya sunkuya ya buɗe ƙugiya. Wanda bai damu ba wucewa zai yi. Ya ga kare a ɗaure, ya ga hayaƙi, hannunsa ya yi abin da ya ɗaukar wa kansa alkawari tun yana yaro. Al'adar nan ta manoma tana da amfani a gidan da kowa zai gudu ya bar kare. A gidan da ake da mota da wadda za ta ɗauke shi, ita ce ta kusa kashe shi. Wannan za ki fahimtar da Des, kuma ba za ki iya ba kina yi masa magana ta kan tebur.

Yanzu ke. Jiran jiniya kuskure ne, da kare ko babu kare. Mai hanya ɗaya, da tsohuwa mai asma, tafiya take yi tun da aka sanar cewa gobe ranar haɗari ce, ko da sassafe kafin iska ta taso. A lokacin Jarrah hankalinsa kwance yake, da ƙafarsa zai bi ki. In kuka yi ta sauka gari a banza sau biyar a shekara, ba ku yi asarar komai ba. Ki nemi wata ƙawa a gari da za ta karɓe ku da karenku, ya fi wa Mama sauƙi a kan filin baje koli.

In wuta ta zo ba zato, kada ki sake ɗaure shi inda Des zai gani. Ki rufe shi a ɗakin wanki da ruwansa, ko mafi kyau, ki mai da shi aikin Des: kafin ya hau a-kori-kura, shi zai yi fito, ya ɗaga Jarrah ya sa a motarki, ya faɗa miki da baki cewa ya sa. Hannun da ke son ceton kare ki ba shi abin yi. A ƙarshen makon nan ku toshe ƙarƙashin rumfar da ragar waya. Ki sayi usur irin na makiyaya, ki riƙa busawa duk lokacin da za ki ba shi abinci, Des na tsaye yana haɗawa da nasa fiton, har karen ya san kiran biyu ɗaya ne. Ki riƙa ɗan yawo da shi a ƙaramar motar don ya saba, ki rataya masa lambar wayarki a wuya.

Maganar cewa ba za ki tafi ba sai da shi kuwa, ki janye ta yau. A nan Des ya fi ki gaskiya. Abin da kika yi ranar Alhamis, da kika tayar da mota kina kuka, shi ne daidai, kuma in ta sake kamawa haka za ki sake yi. In kika zauna, motar da za a turo ta wannan hanyar mai bishiyoyi dama da hagu don neman ki, mijinki ne a ciki, da mazan maƙwabtanki.

Abu na ƙarshe. Kina fushi da mutumin da bai san abin da ya faru ba. A wurinsa ya kwance kare, matarsa ta tafi da wuri, kowa ya tsira, sai ga shi ana masa gaba. Kada ki wanke rigar nan. Yau in ya gama cin abinci, ki kashe talabijin, ki shimfiɗa ta a gabansa, bayanta a sama, ki faɗa masa inda kike kwance kafin garwashin ya sauka, da yadda numfashin uwarsa yake a mota. Mutumin da ya yi shekaru yana kashe wuta ba ya buƙatar a fassara masa wannan hujin.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya juyar muku da iska, ya sa ku huɗun ku ga ruwan farko tare. Ki shafa min kan Jarrah.

Taki,
Anti Merle