Allurar zafin giya ta kai ja a yashin Fagada

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Legas? Nan gida kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Agogon zafin man giya da ka sa anka ɗaura wa motarka mai canza giya da kanta ya yi rana. Ranar kasuwar Jega mun ɗauko albasar Kawu Bala daga Aliero, munka biya Fagada don ƙarin kaya. Cikin yashin rafi allurar ta kai ja, sai na tsaya, na bar inji yana aiki don man ya huce.

Kawu ya sauko da butarsa ta alwala. "Buɗe lagireto mu zuba ruwa, kasuwa za ta watse!"

Na ce, "Kawu, inji lafiya lau, giya ce ta yi zafi. In ta ƙone, ko Sakkwato babu mai gyara ta."

Sai da allura ta sauko munka tashi. Mun iske manyan masu saye sun tafi. Mota ta tsira, amma kwana shida ke nan Kawu bai amsa gaisuwata ba.

Ka gaida Yaya Hauwa da yara, a sa mu cikin addu'a. Don Allah ka rubuto wa Kawu da hannunka, maganarka kaɗai yake ji.

Ƙanenka,
Sani