Lambar Baba Ta Koma Hannun Mai Gyaran Firji

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da ni kaina ban san sunan da zan ba shi ba. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. Wannan karon duk yadda ta fito haka zan turo, ki yi haƙuri da tsawonta.

Mahaifinmu ya rasu wata ashirin da suka wuce. Malamin lissafi ne, shekara talatin da biyar a aji. Ni ce autarsa. Ni na saya masa wayar zamani da ya yi ritaya, ni na buɗe masa imel, ni na nuna masa yadda ake naɗar murya, kuma abin da ya fi shiga ransa ke nan. Kullum da yamma zai zauna a kujerarsa ta baranda, ya jingina wayar da kofin shayi, ya yi gyaran murya kamar mai shirin shiga aji, ya yi ta ba da labarin rayuwarsa. Idan Mama ta leƙo ta tambaye shi da wa yake magana, sai ya ce da mutanen da ba su iso ba tukuna. Ina da ciki wata bakwai ya ce min akwai guda ɗaya da ya naɗa musamman saboda abin da ke cikina, amma ba zan ji ba sai na sauka. Bai kai ba. Yarinyar yanzu gudu take yi, tana jan labule tana zubar min da gishiri.

Na saita wayar yadda duk abin da ya naɗa zai hau ma'ajiyar intanet da ke haɗe da imel ɗinsa. Kuma ni ce, Anti, ni da bakina, na zaunar da shi na yi masa lacca a kan 'yan damfara: kada ya ba kowa kalmar sirrinsa, kada ya karanta wa kowa lambobin da aka turo masa ta tes. Ashe ɗalibi na samu na ƙwarai. Washegari ya canza kalmar da na sa masa. Da na tambaye shi sabuwar, ya dube ni ta saman tabarau ya ce ai ni na ce kowa, kuma a lissafi kowa ya haɗa da ni.

Bayan rasuwar, Mama ta naɗe wayar a hankici tare da tabaraunsa da agogonsa, ta sa a durowar gefen gado. Cikinmu babu wanda ya iya buɗe baki ya ce ta kawo. Sai da shekara ta zagayo babban yayanmu ya karɓi wayar. Ya tarar da ita a kulle, ya gwada ranar haihuwar kowa a gidan, ta ƙi. Bai shawarci kowa ba ya kai wa mai gyara, aka wanke ta tas, aka miƙo masa ita kamar sabuwa, ko hoto ɗaya babu. Sati biyu ban yi masa magana ba.

Na ce ba komai, ai akwai imel. Na shiga na nuna an manta kalmar sirri, sai shafin ya ce zai tura lambobi shida zuwa layin Baba. Layin kuwa ya daɗe da mutuwa, tunda shekara guda yana cikin hankici babu kira babu kati.

Ran nan ina duba sunaye a manhajar hira, sai na ga hoto ya fito a gefen sunan "Babana". Na buɗe, sai ga bayan firji, da rubutu a ƙasa: ana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Na nuna wa Mama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mutumin da ƙwan fitila ma sai ya kira maƙwabci ya canza masa, yau shi ne da gyaran firji. Muka yi ta dariya har ta koma mana kuka.

Na kira lambar. Mutum ne mai mutunci, ba zan ɓoye ba. Ya ce wata huɗu ke nan da ya sayi layin sabo fil, da rajista da sunansa, kuma tun daga ranar yake amsa kiran tsofaffin ɗaliban wani malami. Ɗaya daga cikinsu ne ya gaya masa malamin ya rasu, daga nan shi yake sanar da sauran, har ya ƙware a karɓar gaisuwa. Na ji daɗinsa, na yi masa bayani, na roƙe shi idan lambobin sun shigo ya karanto min. Sai ya ce, "Hajiya, Allah Ya jiƙan Malam. Amma wallahi da irin wannan muryar, da irin wannan kukan, aka ƙwace min shafina na hira bara, aka bi kwastomomina ɗaya bayan ɗaya da sunana. Shi ya sa ma na canza layi."

Da na bar shi a nan da sauƙi. Sai na gaya wa Yaya. Yaya ya kira shi ya ce lambar gadonmu ce, kuma zai kai shi ƙara. Kafin yamma mai firji ya toshe layin Yaya, ya toshe nawa.

To ga abin da nake jin kunyar faɗa. Bai san lambar maigidana ba. Firjinmu lafiyarsa ƙalau, amma na san wayar da zan zare a bayansa ya daina sanyi. Na lura masu gyara sukan miƙa maka wayarsu su ce ka haska musu. Ni zan riƙe masa fitila a kicin, maigidana yana falo da kwamfuta ya danna a turo saƙon, lambobin su fito a fuskar wayar, in haddace. Maigidana ya ce zai kira shi ya zo gyara, amma idan asiri ya tonu bai taɓa ganina ba.

Kwana biyu ke nan tambayoyi suna yi min yawo a kai. Wai lambar waya ta wane ne? Yaya za a yi lambar da Baba ya riƙe shekara goma sha takwas, wadda na haddace tun ina sakandare, a wayi gari an sayar wa wani? Muryar da ke cikin ma'ajiyar nan fa, tamu ce ko ta kamfani? Na karanta cewa wasu kamfanonin suna goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, ke nan wata huɗu suka rage min. Idan na leƙa wayar mutum don in ɗauko abin da yake namu, sata na yi?

Autar Malamin Lissafi

*

Auta, Allah Ya jiƙan Baba. Ki bar firjin nan ya ci gaba da sanyinsa.

Bari in fara da tambayoyinki, domin amsarsu za ta rage miki zafi. Lambar waya ba mallakar mai riƙe da ita ba ce. Ta fi kama da gidan haya. Lambobin ƙasa ƙididdigaggu ne, shi ya sa a wurare da yawa idan layi ya yi wasu watanni ba motsi, kamfani yakan karɓe shi ya ba wani. Tsawon wa'adin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Saboda haka Yaya ya yi kuskure: lambar ba ta cikin gado, kuma mai firji bai ɗauki kayan kowa ba. Muryar Baba kuwa wani abu ne daban. A zuci da a hankalce ku ne magadanta. Amma ɗakin da take ajiye na kamfani ne, kuma da Baba kaɗai suka yi yarjejeniya. Abin da ya same ki shi ne kayan naku ne, ɗakin na wani, makullin kuma ya faɗa aljihun na uku. Dokokin ƙasashe da dama har yanzu ba su gama warware wannan ƙullin ba, don haka ba ke kaɗai kika rikice ba.

Yanzu ki tsaya a inda mai firji yake tsaye. Baƙuwar murya ta kira shi, ta kawo labari mai taɓa zuciya, ta ƙare da neman lambobi shida. Daga inda yake ba shi da hanyar sanin ko imel ɗin Baba kike buɗewa ko shafinsa na hira kike ɗaukewa, domin duka biyun tes ne mai lambobi ke shigowa. An taɓa yi masa, ya ji a jikinsa. Abin da ya yi miki shi ne daidai abin da kika koya wa Baba a baranda. Na tabbata da Malam yana nan da ya ba shi maki cikakke.

Dabarar kicin kuwa, amsata a taƙaice ita ce e, cin amana ce. Mutum ya shigo gidanki a kan sana'arsa, ya miƙa miki wayarsa don ya yarda da ke. Karanta saƙon wani a ɓoye da yaudara laifi ne a dokokin wurare da yawa. Ko babu doka, tes ɗin zai zauna a wayarsa, zai gani kafin ya kai bakin titi, kuma daga ranar kin rufe ƙofa ɗaya tilo da ta rage da hannunki. Ban da haka, ba lallai lambobin kaɗai su isa ba. Shafin yana iya neman ƙarin shaida, kuma yawan gwaji yakan sa a ƙara ƙulle asusu.

Ga abin da nake ganin za ki yi, kuma a wannan makon. Ki rubuta wa kamfanin imel ɗin. Manyan cikinsu suna da sashen da ke karɓar buƙatun iyalan mamaci. Sukan nemi takardar shaidar rasuwa da shaidar dangantaka. Ba za su ba ki kalmar sirri ba, kuma ba na yi miki alkawarin za su ba ki abin da ke ciki, amma wannan ce hanyar da babu kunya a cikinta. A can ne kuma za ki tabbatar da maganar wa'adin shekara biyu, maimakon ki bar jita-jita tana tura ki.

Kafin amsa ta zo, ki koma ɗakin Baba. Malamin da ya shekara talatin da biyar yana rubuta komai a rajista, da wuya ya bar kalmar sirri a kansa kaɗai. Ki duba bangon ƙarshe na littattafansa, da dayarinsa na rubuta al'amuran yau da kullum, da cikin gidan tabarau. Ki duba ko akwai tsohuwar kwamfuta ko wata wayar da ya taɓa buɗe imel ɗin a kai. Ki tambayi abokansa ko ya taɓa tura wa wani abin da ya naɗa. Masu son ba da labari ba su cika iya jiran masu sauraron da ba su iso ba.

Sai maganar mai firji. Dabararki tana da rabin gaskiya: abin da waya ta ɓata, ido da ido ne zai gyara. Amma a fili, ba ta bayan firji ba. Maigidanki ya je shagonsa da sunansa na gaskiya, ya kai haƙurin Yaya, gara ma Yayan ya bi shi ya faɗa da bakinsa. Ku riƙe takardar rasuwa da wani tsohon abu da ke ɗauke da sunan Baba da lambar, ko katin gayyata ne ko takardar makaranta. Idan ya yarda, shi zai zaɓi wuri, ya kawo wanda ya amince da shi kuma ya san waya. Kwamfutarku a buɗe a gabansa yana ganin shafin da ake shiga, wayarsa a hannunsa, ya karanta saƙon ya ga sunan kamfanin da ya turo kafin ya ce komai. Ki nuna masa shi ma yana da riba: da zarar an shiga za a cire lambarsa daga asusun Baba, ya huta da ku. Ki sani wannan ba ita ce hanyar da kamfani ya shimfiɗa ba, shi ya sa na ce ki fara da wasiƙa. Idan kuma ya ce a'a bayan duk wannan, haƙƙinsa ne. Ki yi masa godiya a kan gaisuwar da ya yi ta karɓa a madadinku wata huɗu, babu wanda ya sa shi.

In Allah Ya sa ƙofar ta buɗe, kada ki shiga ke kaɗai. Ki nemi izinin Mama da 'yan'uwanki tukuna. Ki ɗauko muryoyin, ki bar wasiƙunsa yadda ya bar su. Mutumin da ya hana autarsa kalmar sirri ya riga ya faɗi ra'ayinsa a kan leƙe-leƙe. Ki ajiye abin da kika ɗauko a wuri biyu, ba ɗaya ba. Masu karatu kuma su ɗauki darasi tun da sauran lokaci: layin mamaci yana mutuwa idan aka bar shi a durowa, kuma wasu manhajojin suna ba mutum damar ya zaɓi wanda zai karɓi ajiyarsa bayan ransa.

Abu na ƙarshe, Auta. Yana yiwuwa duk hanyoyin nan su toshe, kuma ba zan ɓoye miki hakan ba. Amma a wasiƙarki na ga mutum ɗaya da kika wuce ta gabanta da sauri. Akwai wadda take leƙowa baranda kullum da yamma, wadda ta ji labaran nan tun kafin a ƙirƙiro wayar, ta san inda ya ƙara gishiri, kuma ba mamaki tana tsaye a bakin ƙofa ranar da ya yi wa 'yarki magana. Ba ta da kalmar sirri, ba ta buƙatar lambobi shida. Gobe da yamma ki ɗauki yarinyar ki je, ki zaunar da Mama a kujerar nan, ki jingina wayarki da kofin shayi, ki danna naɗar murya.

Allah Ya sada ki da muryar Baba, Ya ƙara wa Mama lafiya da nisan kwana, Ya raya miki mai jan labule.