A Maido Mana Da Ƙararrawar Ranar Keke

Absalom Ishmael,
Layin Famfo, Unguwar Damilu,
Jimeta, Jihar Adamawa.
22 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Ranar Keken Iyali,
Jimeta.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HARBA BINDIGA WAJEN BUƊE RANAR KEKEN IYALI (TAKARDA TA UKU)

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Ni ne tsohon malamin firamaren nan da ya shekara biyu yana kaɗa muku ƙararrawar buɗe titi duk Asabar ta farkon wata. Na sake rubutowa ne ba don ina son yawan magana ba, sai don takarduna biyu na baya ba su samu amsa ba. Ina roƙon a yi haƙuri a karanta wannan har ƙarshe.

1. A ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 2014, ina tsaye a filin makarantarmu a Mubi zan kaɗa ƙararrawa, sai harbi ya tashi a gari. Ni da matata Hilda muka bi jama'a da gudu. Sai da muka yi nisa cikin daji na lura ashe ƙararrawar tana hannuna. Hilda ta yagi bakin zaninta ta ɗaure ƙarfen cikinta, don kada ta yi ƙara ta tona mana asiri. Kwana huɗu muka yi a ƙafa kafin mu samu mota. Abin da ta gani a hanya ba zan sa shi a takarda ba. Tun da muka sauka Damilu, shekara takwas cur, Hilda ba ta wuce ƙofar gida sai in asibiti za a kai ta. Ko salansar mota ce ta fashe a layi, sai in same ta a bayan ƙyaure.

2. A ranar 4 ga Maris, 2023, kwamitinku ya fara rufe babban titin unguwarmu daga ƙarfe shida zuwa tara na safe, don iyalai su hau keke. Babu mota, babu Keke Napep, babu hon. Maƙwabciyarmu Dada Kausar, Allah ya saka mata, ita ta yi ta lallashin Hilda har ta leƙo. Hilda, mace mai shekara hamsin da uku, ranka ya daɗe, ta koyi keke a kan wannan titi! Ta faɗi ya fi sau goma, tana tashi tana dariya, ni kuwa rabona da jin dariyar nan tun muna Mubi. Don murna na kwance tsumman ƙararrawa na kawo muku ita, kuka karɓa, kuka ce ni zan riƙa kaɗawa.

3. A ranar Asabar, 3 ga Mayu, 2025, ba tare da an sanar da kowa ba, aka gayyato mafarauta su buɗe hawan da bindigar toka, wai don karrama manyan baƙi. Aka harba sau uku. Nan take mutane ɗaruruwa, da yara da mata, suka kwasa a kan kekuna suka nufi gefe guda. A idon baƙinku biki ne. A idon Hilda, hanyar Mubi ce ta dawo. Ta yar da keken a tsakiyar titi ta ruga. Mun fi awa guda muna nema kafin Dada Kausar ta gano ta a cikin kwalbati, a durƙushe, ta toshe bakinta da hannu biyu. Yau wata huɗu da kwana goma sha tara ke nan ba ta sake taka ƙofar gida ba.

4. Ina so a fahimce ni. Ban zargi mafarauta ba ko kaɗan, mun san taimakon da suka yi mana lokacin da ƙasa ta rikice, kuma an ce su harba ne suka harba. Amma a duba masu hawa keken nan. Nawa ne 'yan Michika, nawa ne 'yan Madagali? Na san gida huɗu a layinmu kaɗai da suka daina fitowa. Su ba su rubuta takarda ba, shiru kawai suka yi.

5. Na rubuto a ranar 12 ga Mayu, na sake a ranar 16 ga Yuni. Sau biyar ina zuwa ofishin kwamiti. Sakatarenku, Malam Ɗanburam, ya ce mini maganar tana gaban manya. A zuwa na biyar ya ce an lura ƙararrawa ba ta fitowa da kyau a bidiyon da ake ɗauka. Na gaishe shi na fito. Gaskiya na gaji, ranka ya daɗe. Gwiwoyina ba sa son matakalar ofishin nan, kuma na gaji da komawa gida in ce wa Hilda ana dubawa.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon kwamiti ya dakatar da harba bindiga kafin hawan ranar 4 ga Oktoba, 2025, a koma buɗe titi da ƙararrawa. In tawa ta yi ƙanƙanta, a samo babba, ko a busa usur, ba sai ni na kaɗa ba. Kuma a ba ni amsa a rubuce da hatimin kwamiti, domin maganar baki ba za ta fito da Hilda ba, sai ta gani da idonta.

Kekenta yana jingine a zaure, ina sa masa mai duk Asabar. Ƙararrawar kuwa, ranar da muka dawo da Hilda daga kwalbati, ta ɗauke ta ta sake ɗaure ƙarfen cikinta da tsumma. Ban kwance ba har yau. Amsarku nake jira.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon dubawa.

Naka cikin biyayya,

Absalom Ishmael
Malamin firamare mai ritaya