Kun Rubuta Mini Tuƙin Da Ba Ni Na Yi Ba

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya yi wa motar wurin aikina inshora, reshen Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Sunana Habu Lawali, mutumin Damagaram a ƙasar Nijar. A unguwar Mahjar nake zaune, aikina kuwa tuƙa ƙaramar motar kaya, wadda a nan ake ce wa wanet, ta wani wurin haɗa kujeru da gadaje a Khumra. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, ban ambaci na kafilina ba, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, don ba tozarta wani na zo yi ba. Na buga wayarku har na gaji, na tako ofishinku da ƙafata, ban dace da wanda zai saurare ni ba. Shi ya sa na rubuta a fili, da harshen da na fi iya faɗin ciwona da shi. Na san a Jidda ba za ka rasa mai fassara maka ba.

Bara kafilina ya kira ni da fara'arsa, ya ce ya sami inshora mai rangwame. Sharaɗin kawai a sa wata manhaja a wayar direba, ta riƙa lura da yadda yake tuƙi, ta ba shi maki. Idan makin ya yi kyau, kuɗin inshora ya sauka. Na ce masa a sa. Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as, ni kuwa tun da na kama sitiyari a garin nan ban taɓa goga wa wani mota ba. Wakilinku ya karɓi wayata, ya saka abin, wani dogon rubutun Larabci ya fito. Ina jin Larabci, ina karanta allon hanya, amma ba irin wannan ba. Ya ce, “Danna nan, danna nan, halas, shi ke nan.” Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, maganar burki. Wata safiya na ɗauko gadaje zan kai unguwar Waziriyya, sai wata tsohuwa ta ɓullo daga bayan wata babbar mota, tana tura keken jarirai cike da gwangwanayen da ta tsinto. Na taka burki iya ƙarfina, gadajen suka bugi gilashin da ke bayan kaina. Tsohuwar ta tsaya a gaban motar tana salati. Ta ɗaga mini hannu ta wuce. Ina duba waya sai na ga jan rubutu, wai na yi mugun burki, an rage mini maki. Ranka ya daɗe, kai ma ka san lungunanmu na kudu ba irin titunan arewacin gari ba ne. Akwai ramuka, akwai tireloli masu fitowa daga ɗakunan ajiya ba tare da duba kowa ba, akwai masu tafiya a ƙasa ta ko'ina. Mutumin da ya taka burki a nan rai ya ceta. Na ji direbobi da kunnena suna cewa sun fara jin nauyin taka burki saboda maki. Ka auna wannan maganar da kyau. Duk da haka na haɗiye, na ce wannan ƙarami ne.

Na biyu shi ne babba. Ina da kawu a Waziriyya, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Shi ya yi mini hanyar zuwa ƙasar nan, a ɗakinsa na fara kwana, shi ya koya mini yadda ake gaisawa da Larabawa da yadda ake kama baki. Ciwon suga ya kama shi, ya fito masa da miki a ƙafa wanda sai an riƙa kai shi asibiti ana wankewa. 'Ya'yansa mata ne, duk suna gidajen aure a gida Nijar, daga shi sai matarsa, Inna Zara. Ni nake raka shi bayan na tashi aiki. Wanet ɗin tana kwana a ƙofar gidana, amma ban taɓa ɗaukar Kawu a ciki ba, don amana ce aka ba ni domin kaya. A motar maƙwabcinsa muke tafiya, Idrisa, wani mutumin Chadi mai kirki, wanda ko kuɗin mai ba ya karɓa. Shi yake tuƙi. Ni ina baya, ƙafar Kawu a kan cinyata.

Idrisa yana da nauyin ƙafa a kan totur, wannan kowa ya sani. Ranar da Kawu ya sume mana a hanya kuwa, ni da bakina na ce masa ya ƙara wuta. Ashe duk wannan zirga-zirgar, wayar da ke aljihuna tana rubutawa, tana ɗora mini. Manhajarku ba ta san direba ba, ba ta san fasinja ba. Ba ta ma san a wace mota take ba. Abin da ta sani kawai, wayar Habu tana gudu.

Na uku, rahoton da kuka aika wa kafilina. Ba maki kaɗai kuka tura masa ba, har da taswirar duk inda wayata ta taka. Kuka kuma sanar da shi an janye rangwamen. Ya kira ni ofis a gaban ma'aikata, ya juyo mini fuskar kwamfuta, ya ce, “Ya Habu, kabu-kabu kake yi da motata bayan an tashi?” Na tsaya ina kallon layukan, sai na gane hanyar: daga Waziriyya zuwa asibiti, daga asibiti zuwa Waziriyya. Na rantse masa da Allah motarsa ba ta motsa ba. Na ce ya kira Idrisa. Ya ce abokina ai ba zai ƙi rufa mini asiri ba, amma na'ura ba ta da aboki, ba ta ƙarya.

Mutumin nan ba azzalumi ba ne. Shekaru muna tare, yakan aike ni gidansa, iyalinsa sun san ni. A ranar nan na ga idonsa ya canza. Ya cire bambancin kuɗin inshorar daga albashina, ya kuma ce idan tafiya ɗaya irin wannan ta sake fitowa, ba zai sabunta mini iƙama ba, wato takardar izinin zama. Wanda bai zauna a ƙasar mutane ba ba zai san nauyin wannan kalmar ba. Iƙama ita ce zamana, ita ce aikina, ita ce tuwon 'ya'yana a Damagaram.

Na huɗu, zuwana ofishinku. Ma'aikacin da na samu bai wulaƙanta ni ba, zan faɗi gaskiya. Ya nuna mini wani ɗan wuri can a cikin manhajar, inda mutum zai danna ya ce shi fasinja ne. Amma, in ji shi, ana yin haka ne cikin 'yan kwanaki bayan tafiyar, nawa lokacin ya wuce, an rufe. Na ce to ai ba wanda ya nuna mini. Ya ce yana cikin rubutun da na amince da shi. Na roƙe shi ya rubuta wa kafilina layi biyu, cewa manhajar takan rubuta tafiyar fasinja. Ya ce ba huruminsa ba ne. Na tambaya ko zan iya kashe ta idan na tashi aiki. Ya ce yawan kashewa ana ɗaukarsa a matsayin ɓoye tuƙi. Na tambaya idan na danna cewa ni fasinja ne, layin zai ɓace daga taswirar kafili? Ya ce wannan bai sani ba. Na fito daga ofishinku ban san abin da zan kama ba.

Na biyar ba na son rubuta shi, amma dominsa na ɗauki biro. Tunda ba zan kashe ba, ba kuma zan iya jure wani sabon layi a taswira ba, sai na koma barin wayar a ɗaki duk lokacin da zan shiga motar wani. Wani zai ce me ya hana ka sayen waya ta biyu. Na yi niyya, amma albashin da aka zaftare bai kai ni ƙarshen wata ba.

Wata Juma'a Kawu ya ɗan sami sauƙi, har ya ci abinci ya yi mana barkwanci. Sai na ce bari in je Makka in yi masa addu'a a Harami. Na shiga motar haya da sassafe, na bar waya a kan katifa. Na dawo da magariba na tarar da kiran Inna Zara jere a kan waya. Tun da hantsi jikin Kawu ya rikice. Ta ce yana ta cewa, “Ku kira mini Habu, akwai maganar da zan gaya masa.” Ita da Idrisa suka kai shi asibiti. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. Ina can ina roƙa masa lafiya, shi yana nan yana nemana.

Ranka ya daɗe, ban ɗora muku mutuwar kawuna ba. Ajali na Allah ne, da ina riƙe da hannunsa ma da sai ya tafi. Amma maganar da ya so gaya mini ta tafi tare da shi, kuma na san abin da ya raba ni da wayata ranar nan. Tsoronku ne. Inna Zara ba ta taɓa ce mini komai ba. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni, a hankali, “Ɗana, ina ka ajiye wayar?”

Kafilina ya zo ta'aziyya, Allah ya saka masa. Ya ga Idrisa, ya ga motarsa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce, “Wallahi ban san wa zan gaskata ba, kai ko kamfani.” Har yau ina tuƙa masa mota, amma da yamma yanzu mabuɗi nake miƙa wa mai gadi, in nemi hanyar komawa Mahjar. Iƙamata ta kusa ƙarewa, bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba.

Ga abin da nake roƙo. Ku sa mutum mai ido da hankali ya sake duba tafiye-tafiyen da aka rubuta mini, in an ga dama a kira Idrisa, a tambayi asibiti. Ku rubuta wa kafilina a sarari cewa manhajarku takan ɗora wa mutum tafiyar da yake zaune a kujerar baya. Wannan shi ne mafi girma a wurina, ya fi kuɗin da aka cire mini. Ku daina bin direba bayan ya tashi aiki. Mota kuka yi wa inshora, ba mutum ba, to ku sa na'urarku a jikin mota. Sannan duk wanda za ku saka wa abin nan a waya, ku zaunar da shi ku yi masa bayani da harshen da yake ji. Mu direbobin kudancin Jidda da yawa daga cikinmu ba mu iya ƙananan rubutun Larabci ba, kuma kunya da tsoron kafili kan sa mu danna abin da ba mu sani ba.

Ga 'yan'uwana direbobi da wannan za ta iske, kada ku danna sai kun tambaya. Kuma don Allah, idan rai ya gitta gabanku, ku taka burki.

Ina roƙon Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa albarka a kasuwancinku, ya tsare ka da iyalinka a kan hanya. Allah ya sa duk ranar da wani naka zai neme ka, ya same ka. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya kai haske kabarinsa.

Ina jiran amsarka kafin takardata ta ƙare.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Habu Lawali,
Mahjar, Jidda.