Fetur a Rijiyar Inna Yelwa

Tsafe, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hussaina da yara da duk mutanen Bungudu. Yaya jikin Innarmu? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda an rufe layukan waya, direba zan ba takardar nan.

Yaya, ina cikin tashin hankali. Shekaranjiya Inna Yelwa, tsohuwar da ke bayan gidan man da maigidana marigayi Alhaji ya bar mana, ta shigo da bokiti ta dire a gabana. Ruwan rijiyarta ne, sai warin fetur yake, samansa yana ƙyalli. Jikokinta biyu suna kwance da amai. Kafin la'asar rijiya bakwai aka samu haka.

Ma'aikatan muhalli sun rufe gidan man. Sun ce tankin ƙasa ne ya huje, sai an tono shi, an kwashe ƙasar da tifa, an yi wa unguwar burtsatse. Ko gidan man na sayar ba zai isa ba. Na dai tarar da takardar inshora a jakar Alhaji, ban taɓa fashin biya ba. Gobe zan tafi Gusau. A sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Wasila

Gusau, 19 ga Satumba

Yaya Mannir,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gidan ƙawata Sa'adiya a Damba.

Jami'in inshorar, Malam Bitrus, mutumin kirki ne. Ya karanta mini takardar layi-layi da Hausa. Idan tankin ya fashe farat ɗaya, su ne da gyaran ƙasa da haƙƙin maƙwabta. Idan kuwa a hankali ya riƙa tsiyaya, babu ruwansu. Sai ya tambaye ni yaushe mai ya fara raguwa.

Ka tuna Malam Jibo, dattijon da ya yi shekara goma sha ɗaya yana ba da mai a wurinmu? Tun azumi sandar awon tanki take nuna ragi kullum. Na ce shi yake sata, na sallame shi a gaban mutane. Ya rantse har da hawaye, ban saurare shi ba. Ashe ƙasa ce take sha.

Na ce wa Malam Bitrus zan duba. Ya ce ranar Juma'a mai zuwa zai zo Tsafe ya ji ta bakin ma'aikata, har wanda aka kora.

Ka gaishe da Inna, kada ka gaya mata komai tukuna.

Wasila

Tsafe, 21 ga Satumba

Yayana,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kun wuni lafiya. Ni dai ko ruwa na ɗauka zan sha sai in ajiye.

Ɗazu da hantsi Malam Jibo ya yi sallama. Na zaci zagi ya kawo, na kuma shirya karɓa. Ya zauna a dakali, ya ce labarin inshorar ya iso masa. Ya ce, “Hajiya, ki bari in ce ni na sace man nan. Idan ragin sata ne, ai fashewar ta zama sabuwa, sai su biya.” Gidansa yana cikin bakwai ɗin nan, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Ya ce sunansa ya riga ya ɓaci, gara ɓacin ya samar musu ruwa.

Na durƙusa na roƙe shi gafara, na ce ba zan yarda ba. Ya ce in yi tunani, zai dawo.

Yaya, don Allah ka sayar da gonata ta gado da ke bakin gulbi, ko nawa aka taya. Na san Inna za ta yi kuka. Kuɗin gonar ba za su kwashe ƙasar ba, amma za su haƙa burtsatse, in samu bakin gaya wa Malam Bitrus gaskiya. Kurar ruwa huɗu nake saya wa unguwar kullum, 'yan kunnena ma sun tafi.

Ka zo da kanka kafin Juma'a. Idan na tsaya ni kaɗai, Malam Jibo ya buɗe baki ya ce shi ɓarawo ne, wallahi ina tsoron zan yi shiru.

Ƙanwarka,
Wasila